Kafin a daki yaro, a duba direba

A makarantunmu, duk ranar da kwamfuta ta mutu, yaron da ya taɓa ta ƙarshe shi ke shan bulala. Na ga haka a wata makaranta a yankin Hawandawaki: ɗalibi ya soka ƴar na'urar intanet a kwamfutar malamai, allo ya koma shuɗi, makin da aka shigar da safe ya tafi. Aka kira uban yaron, aka ce ya biya gyara. Alhali yaron ba shi da laifi.

Ruwa ba ya tsami banza. A cikin Windows akwai sashen da ke riƙe da komai, wanda za mu iya kira zuciyar manhaja. Kowace na'ura kuma, ko Wi-Fi ko modam, tana da ƙaramar manhajarta mai suna direba, wadda ke yi mata tafinta da zuciyar. Direban yana aiki ne a cikin zuciyar kanta. In ya taɓa wurin da ba nasa ba a ma'ajiya, sai Windows ta tsayar da komai don kada ɓarnar ta yaɗu. Shuɗin allon ke nan. Kwamfutocinmu kuwa yawanci kwance ne daga kasuwar Maraɗi ko Kano, da tsofaffin direbobi.

Abin bai bar manya ba. Ranar 19 ga Yuli 2024, sabuntawa ɗaya mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike, wanda manhajarsa ke aiki a cikin wannan zuciyar, ta kayar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama sun kasa tashi, aiki ya tsaya a asibitoci da bankuna. Kuskuren na ƙwararru ne.

Malamai, in allo ya yi shuɗi, ku ɗauki hotonsa da waya. Sau da yawa yakan nuna sunan da ya ƙare da .sys, wato direban da ya yi ɓarnar. Ku cire na'urar, ku kai wa mai gyara a Tasawa hoton, ya sabunta direban. Makin yara kuma ya kasance a takarda da filasha.

Iyaye, ku nemi ganin hoton kafin ku biya ko ku daka. Yaron da aka daka saboda kwamfuta da wuya ya sake kusantarta, ga shi kuma gobensa na buƙatarta.