Wanda Ya Raka Ayari da Wanda Ya Tare Shi

Wata na uku ke nan da tirelar yayana take tsaye a Malanville, ɗauke da shinkafar wani ɗan kasuwar Maraɗi, lokacin da na tashi daga Parakou zuwa Djougou gaisuwar rasuwa. Ƙarshen 2023 ne. Tun juyin mulkin watan Yuli a Nijar aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, motoci suka yi jerin gwano, direbobi na kwana a ƙarƙashinsu. Kullum da dare Yaya zai kira ni, maganar dai ɗaya ce: kuɗin abinci ya ƙare, mai kaya yana ta faɗa.

A Djougou na sauka gidan baffana, ƙanen kakanmu, wanda ya haura tamanin. Shi har gobe Jugu yake kiran garin. Bayan an watse daga zaman makoki na ba shi labarin Yaya. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, ai hanyar nan ba ta taɓa zama kyauta ba. Masu karɓa ne kawai suke sauya riga."

Mu zuriyar fatake ne. Kakan baffa daga Kano yake tasowa da ayarin jakuna, ɗauke da kanwa da baƙin rini da fatu, su ƙetare Kwara su shiga ƙasar Bargu, su biyo ta Nikki da Parakou da Djougou, har Salaga a ƙasar Gwanja, inda goron Asante yake jiransu. Zuwa da dawowa kan ci shekara. Madugu ke riƙe da ayari, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da masu dawakai. Duk ƙasar sarkin da aka shiga sai an biya garama, duk kogin da aka ƙetare sai an biya fito. Ga kuma mahaya dawakin Bargu, 'ya'yan sarautar da ake kira Wasangari, waɗanda yaƙi da hari da kyauta su ne darajarsu. Baffa ya ce wanda aka biya ya raka ku yakan kai ku iyakar ƙasarsa ya yi sallama, ku shiga daji kaɗan sai ku ji kibiya daga hannun ɗan baffansa. A irin wannan kwanton ɓauna ne kakansa ya rasa yatsu biyu da jakuna shida. Labarin yatsun nan duk ɗan gidanmu ya san shi, da shi ake tsoratar da mu in mun ce za mu fita da dare.

Ni kuma a lokacin ina karance-karancen tarihin Sahara, sai na ce masa, "Baffa, abin da kake faɗa haka yake a wurin Larabawan hamada." Na ba shi labarin Aulad Sulaiman, Larabawan da suka baro Fezzan suka zauna a Kanem wajen tsakiyar ƙarni na 19, suka riƙa kai hari kan raƙuman Buzaye masu ɗauko gishirin Bilma. Su a wurinsu hari ba sata ba ce. Yana da ƙa'idojinsa da lokacinsa, kuma wanda aka kwashe wa raƙuma bana shi ne zai kwaso na wani baɗi. Da Faransawa suka zo, sun tarar sojansu ba ya iya bin mahari a cikin rairayi: bai san rijiya ba, bai iya karanta sawun raƙumi ba. Sai wani hafsansu, Laperrine, ya kafa rundunar raƙuma a 1902, ya cika ta da Larabawan Sha'amba, mutanen da su kansu sun yi suna wajen hari. Aka ba su bindiga da albashi aka ce su tsare hamada. Ingilishi ma haka suka yi a gabas. A ƙasar Jodan, wajen 1931, Glubb ya tara Larabawan ƙauye ya yi rundunar sintiri da su, don hana hare-haren da ke ƙetaro iyaka daga ɓangaren Saudiyya.

Baffa ya yi dariya har ya tuƙe da tari. Ya ce, "To ai kura ce ta san makwancin kura. Nasara ba wawa ba ne."

Ba zan yi ƙarya ba, harin ya ragu, a hamada da nan Bargu duka. Tsofaffinmu da kansu sukan ce bayan zuwan Nasara mace na iya ɗaukar ƙwaryarta daga Parakou zuwa Nikki ba mai tare ta. Wanda kakansa ya rasa yatsu ba zai raina wannan ba. Amma zaman lafiyar ya zo da nasa kuɗin. A 1894 Lugard na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi tseren isa Nikki, kowa na neman sarki ya sa masa hannu a takarda. A 1898 aka zauna a Paris aka tsaga Bargu gida biyu, Nikki da Parakou ga Faransa, Busa da Kaiama ga Ingila. Hanyar da ayari ke bi ta zama tana ƙetare ƙasar Turawa iri uku kafin ta kai Gwanja, don Jamusawa na Togo. Da madugu ake ciniki da sarki, a roƙe shi, a ba shi riga ya rage garama. Da duwan ba a wannan. Salaga dama yaƙin basasar 1892 ya riga ya karya ta, goro kuma ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Fatake da yawa suka sauke kaya a zangon da dare ya riske su, ba su sake ɗauka ba. Haka muka zama 'yan Parakou.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Disambar 1916. A watan ne Kawsan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas da Buzayensa da makaman da ya samo daga Sanusiyya ta Libiya. A watan ne kuma aka kashe Bio Guera a nan Bargu, bayan ya tayar wa Faransawa a kan haraji da aikin tilas da kwasar samari zuwa yaƙin Turai. Bio Guera Bawasangare ne, jinin mahayan nan da suka tare kakanninmu. Yau gunkinsa na tsaye a kan doki a Parakou, ina wuce shi kusan kullum, kuma ina girmama shi da gaske. Na tambayi baffa yadda yake ganinsa. Ya ce, "Namiji ne. Da kakana ya gamu da shi a daji, da gudu zai yi. Da ya ga abin da Nasara ke yi wa mutane, da addu'a zai bi shi da ita."

Washegari a motar komawa an tsayar da mu sau huɗu a tafiyar da ba ta kai kilomita 140 ba. Wasu da kaki, wasu mafarauta ne da bindigar gargajiya da layu, suna tsaron hanya saboda 'yan fashi. Direba ya miƙa musu dala ashirin ba tare da an tambaye shi ba, ni ma ban ga laifinsa ba, don na san abin da ke faruwa da daddare a inda babu su.

Yaya bai dawo gida ba sai bayan wata biyar. Mai shinkafar ya gaji da jira, ya aiko aka sauke ta buhu-buhu, aka ƙetarar da ita Gaya a kwalekwale, kowane buhu da kuɗin fitonsa. Tirelar ta dawo Parakou wayam, tayoyi biyu sun tsage saboda zama a rana. Da na kira baffa na gaya masa, tambaya ɗaya ya yi mini: "Yatsunsa fa, sun cika goma?"