Ranar Da Ji Ya Kori Gani!

Kai! Kai jama'a! Tsaya, don Allah tsaya, kada ka wuce shafin nan. Abin da na gano a garinmu makon jiya, in ban amayar da shi ba, barci ba zai ɗauke ni ba.

Makaho na gani yana tsaron raga. Raga ta ƙwallo fa! Yaro ɗan shekara 11, wanda ƙyanda ta tafi da idanunsa tun yana ɗan yaye. Na gan shi ya yi sufa, ya miƙe samɓal a kan yashi, ya cafe ƙwallo da ƙirji. Caraf! Da idona na gani. Da idona!

To, bari in bi a hankali, in zan iya.

Ganin amfanin gona ya kai ni gida. Ka san yankinmu, tsakanin Bichi da Dambatta: gona manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye, ba dajin da akuya za ta ɓata. An gama yankan gero, dawa ta sunkuya, mata na roron wake, gawo ya fara sa sabon ganye kamar yadda ya saba in kowace bishiya ta fara shirin zubar da nata. Iskar hunturu ta soma leƙowa da asuba.

Ɗan yayata na nan gida, an turo shi gwajin koyarwa a firamaren garin. Ilimin motsa jiki yake karanta. Malamin fi'i, in ji yara. A gidanmu kuwa har yau akwai masu cewa, "Wai sai an je kwaleji ake koyon guje-guje da tsalle-tsalle?"

Da daddare muna cin tuwo ya ce, "Kawu, gobe ka leƙo makaranta da ƙarfe 8, kafin rana ta buɗe."

Na ce, "Me zan gani?"

Ya ce, "Ba gani za ka yi ba, Kawu. Ji za ka yi."

Na je. Ina tafe ina tuna fi'in zamaninmu. Malam ya busa usur, ya wurgo ƙwallo tsakiyar fili, ya ja kujera gindin darbejiya. Shi ke nan. Mu yi ta turmutsutsu. Akwai wani ɗan ajinmu da shan inna ta shanye wa ƙafafu. Aikinsa ɗaya a lokacin fi'i: gadin takalma. Shekara 6 yana gadin takalmanmu! Shekara 6, kuma ko sau ɗaya ban ji wanda ya tambaye shi ko yana son ya taɓa ƙwallon nan ba. Ni ma ban tambaya ba.

Ina shiga filin makaranta sai na ji tsit.

Tsit fa! Yara sun fi 60, sun yi da'ira, ko tari babu. Firamaren ƙauye, a filin wasa, shiru kamar ana huɗuba. Har kukan kurciya ina ji daga kan ɗorawa.

A tsakiya yara 6, nan 3, can 3, sun durƙusa a kan yashi. Duk an ɗaure musu ido da ƙyalle. Duka, har da makahon. Sannan sai na ji abin.

Kacau... kacau... kacau-kacau-kacau!

Ƙwallo ce ke magana! Tsohuwar ƙwallon fata ce ɗan yayata ya farke, ya cusa mata soson katifa da marafan kwalbar lemo, ya kai wa baduku ya ɗinke. Ba bugawa ake yi ba, mirginowa ake yi da hannu, da ƙarfi, a ƙasa. Tana tafe tana faɗin inda take.

Yaran nan masu ido, da aka rufe musu ido, sai lalube. Wannan ya faɗi dama, ƙwallo ta bi hagu. Wancan ya rungumi iska. Shi kuwa yaron nan? Ya karkata kai kaɗan, kamar mai sauraron kiran salla daga wani gari. Bai motsa ba. Bai motsa ba. Sai da ta kusa, sannan ya miƙe jiki gaba ɗaya, hannu can, ƙafa can.

Caraf!

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Fili ya ɓarke da ihu, 'yan mata na tsalle, wani dattijo mai kai kara a jaki ya tsaya ya saki baki. Malam ya ɗaga hannu, shiru ya dawo. Yaron ya tashi, ya shafa ƙasa da tafin hannu, ya juya daidai saitin abokan karawa.

Na ce, ya aka yi ya san inda ya dosa? Ashe layin filin ba da toka aka ja shi ba. Igiyar rama ce aka miƙe, aka kafe da 'yan turaku a cikin yashi. Hannu ke karanta layi! Igiyar da muke ɗaure akuya da ita!

Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji. Ranar nan, a filin nan, ji ne ya kori gani, ya kore shi har bayan gari.

Ni ma sai da na sa aka ɗaure min ido. Kai! Duniya ta canza. Iska na ji, numfashin yaron da ke gefena na ji, bugun zuciyata na ji. Ƙwallo ta taso, kacau-kacau, kamar daga ko'ina take zuwa. Sai wata ƙaramar murya daga damana: "Baba, hagunka! Kwanta!" Shi ne. Shi ke min jagora. Yaron da kullum ake riƙe wa sanda, yau shi ke nuna wa mai ido hanya. Na kwanta, ƙwallo ta daki cinyata. Da na kwance ƙyallen, ya jiƙe, kuma ba gumi ba ne kaɗai.

Da aka tashi tara na ja ɗan yayata gefe. "Kai, ina ka samo wannan?"

Ya yi dariya. Wai ai wasan ya girme ni. Golbol sunansa. A 1946 wasu mutum biyu, Hanz Lorenzen ɗan Ostiriya da Sepp Reindle ɗan Jamus, suka ƙirƙiro shi saboda sojojin da suka makance a Yaƙin Duniya na Biyu. Na gaske ana yin sa a fili mai tsawon mita 18 da faɗin mita 9, ƙwallon na da nauyin kilo 1.25 da ƙararrawa a ciki, layukan kuma igiya ce aka manne da tef. 'Yan kallo dole su yi shiru har sai an ci. Tun 1976 yake cikin gasar Olamfik ta nakasassu. Shi dai abin da ya yi, ya mayar da ƙararrawa marfin kwalba, ya mayar da tef turke.

Amma fa ba wasan ne ya fi girgiza ni ba. Yadda aka koya masa koyarwar ne.

Ya ce ranar da suka fara darasin koyar da masu buƙata ta musamman, ba a buɗe littafi ba. Biyu-biyu aka haɗa su, aka ɗaure wa ɗaya ido, aka ce ɗayan ya kai shi bakin ƙofar kwaleji ya dawo da shi. "Kawu, a nan na gane ja ba jagora ba ne. Ba a fizgar makaho. Gwiwar hannunka za ka ba shi ya riƙe, ka wuce shi da rabin taku, jikinka ya riƙa gaya masa akwai tudu, akwai rami. Kuma kafin ka taɓa shi, ka kira sunansa, ka faɗi naka."

Ka ji fa! Abu ƙarami, ƙarami ƙwarai, amma mu da muka tashi da makafi a unguwa, wa ya taɓa gaya mana?

Ya ce abin da malaminsu ya yi ta nanata musu shi ne kada su ɓata lokaci suna neman gyara yaro don ya dace da wasa. Wasan za a taɓa. In fili ya yi faɗi, a rage. In ƙwallo ta yi sauri, a sace mata iska ko a nemo babba. In doka ce ta hana yaro shiga, doka ai mutum ya kafa ta, a sake wata.

Sai na ce, tsaya! Tsaya! Ai mu muka san wannan! Langa fa? Langa! Yara masu ƙafa biyu lafiyayyu, kowa ya kama ɗaya ya riƙe ta baya, a yi ta ɗingishi da ƙafa guda ana ture juna a dandali. Kakanninmu suka zauna suka tsara wasan da ƙafa ɗaya ta isa! Ya ce, "Wallahi Kawu, a ajin 5 akwai yaron da ƙafarsa ɗaya ce mai ƙarfi. In ana langa, rububinsa ake yi. Ba mai iya kayar da shi. Shekara nawa yana atisaye ba mu sani ba!"

Bayan tara aka fito da 'yan mata tsere. Cikinsu akwai kurma, sanƙarau ya toshe mata kunne. Usur ba ya mata amfani, to an ajiye usur. Jan ƙyalle Malam ya ɗaga sama. Na lura ya zagaya ya tsaya inda rana ke dukan fuskarsa, yana ƙifta ido. Na ce me ya sa ka wahalar da kanka? Ya ce in rana na bayansa, fuskarsa duhu za ta yi mata, ba za ta ga bakinsa ko hannunsa ba. Kai, wannan karatu! Har inda za ka tsaya ilimi ne!

Ƙyalle ya sauka. Fiu! Hijabi na kaɗawa, ƙura na tashi, ta bar su a baya kamar an harba kibiya. Ta isa, ta juyo, ba ta ji tafi ba. Sai yaran gaba ɗaya suka ɗaga hannuwa sama suna karkaɗa yatsu. Tafin kurame ke nan, Malam ne ya koya musu. Fuskar yarinyar nan! Ina ma kana wurin.

Maganar hannu kuwa, wadda ya ɗan koya a kwaleji irin ta makaranta ce, mai tushe daga ta Amurka. Ya zo ya tarar yarinyar da tata take yi, irin ta kuramen ƙasar Hausa, wadda suka daɗe suna hira da ita a kasuwa da teburin mai shayi. Sai ya zama ɗalibinta. Kullum tana koya masa kalma biyu ko uku.

Ba komai ne ihu da tafi ba. Yana da ɗan littafi a aljihu. Ya bi gida-gida ya tambayi iyaye. Wannan mai sikila ne: ya yi wasa kaɗan, ya sha ruwa, ya huta a inuwa, ya dawo, ban da sanyin asuba, ban da tsakar rana. Wancan na da farfaɗiya: in ta tashi, a kawar da abin da zai ji masa ciwo, in ta lafa a kwantar da shi ta gefe, kada a tura masa cokali a baki, kuma kada a gudu, yawunsa ba ya harbin kowa. Wannan kaɗai, in yaran garinmu suka riƙe shi, an ci riba.

Gurgun ajin 6 fa? Silifas a hannu, shi ne kyaftin. Kowa aka zaunar a ƙasa, aka ɗaure igiya tsakanin turame biyu, ana buga ƙwallo da hannu ta samanta. Kafaɗun yaron nan kamar na maƙeri! In ya doka, sai dai a kauce. Burinsa ɗaya, ya je birni ya hau katako mai taya ya buga ƙwallon guragu, wasan da Misbahu Lawan Didi, ɗan Kano, ya ƙirƙiro a 1988. Namu ne, a ƙasar nan aka haife shi! Sai dai taya ba ta tafiya a yashin garinmu, sai siminti.

Rabon Kano da shan inna ta daji tun 2014, kuma a 2020 aka tabbatar ta bar Afirka. Alhamdu lillahi. Amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan, a ajinmu, a zaurenmu. Ka kuma tuna Landan, 2012: 'yan wasan Najeriya masu cikakkiyar lafiya suka dawo hannu rabbana, ko tagulla babu. Nakasassunmu suka je suka kwaso lambobi 13, guda 6 na zinare! A Rio, 2016, zinare 8! To nawa ne irinsu ke zaune yanzu haka a gindin darbejiya suna gadin takalma, daga Kunci har Minjibir?

Abin da ke ci min rai ke nan. Doka akwai, tun Janairun 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa nakasassu bambanci. Wuraren koyo akwai: Jami'ar Bayero na da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, tana da na ilimin motsa jiki, ga kwalejin tarayya da ke Oyo da aka kafa don horar da irin waɗannan malamai, ga makarantar Tudun Maliki a cikin birni. Amma manomin da ke bayan Makoɗa ba zai ɗauki makahon ɗansa ya kai birni ba. Firamaren da ke bayan gidansa ita ce tasa. Don haka ni a ganina, duk wanda za a ba takardar malamin fi'i, a fara ɗaure masa ido tukuna, a zaunar da shi a ƙasa, a toshe masa kunne. Kowa da kowa, ba 'yan tsiraru ba.

Saura mako 3 ɗan yayata ya koma kwaleji. Na tambaye shi wa zai riƙe ƙwallon. Ya ce yana koya wa wata malama da monitoci biyu, kuma baduku ya riga ya karɓi aikin ɗinka ta biyu.

Da yamma, bayan la'asar, na fito zan hau mota. Ina bin lungu sai na ji ta bayan wata danga.

Kacau... kacau-kacau!

Na leƙa. Kai! Gwangwanin madara ne, an zuba tsakuwa, an naɗe da tsumma. Yara 5, kowa ya ɗaure ido da ɗankwalin uwarsa, an ja layi da karan dawa. Wata uwa na tsaye a bakin ƙofa, tankaɗe a hannu, ta manta da garin da take tankaɗewa. Ga yaron nan a tsakiya, ya durƙusa, ya karkata kai, ya ɗaga yatsa ɗaya sama yana ba da umarni:

"Ku yi shiru mana! Shiru! Inna, har ke. Ba na jin ƙwallo!"