Kwanan Daji a Hanyar Biko

'Yar'uwa, ban sani ba ko an taɓa ɗaukarki a bayan keke har ƙafafunki suka mutu, kika sauko kina tangaɗi kamar ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Ni an taɓa, kwana uku cur, ina 'yar shekara 11.

A ƙarshen 1994 ne, bayan an gama girbi, Innarmu ta yi yaji. Dalili kuwa, Baba ya kama awakinta biyu ya sayar ya biya bashin taki, bai ko shawarce ta ba. Ba ta yi faɗa ba. Ranar kasuwa ta goya autanmu, ta hau motar 'yan kasuwa ta bar Kakangi, sai ƙauyensu can ta ɓangaren jihar Neja. Wata guda muna cin tuwon maƙwabta. Da Baba ya tashi zuwa biko babu kuɗin mota, don a shekarar nan ne litar fetur ta tashi daga naira 3 da kobo 25 ta koma naira 11. Sai ya jawo tsohon Raleigh ɗinsa na tallar koli, ya naɗe bargo a kan kariya ya ɗaure da roba, ya ce da ni, "Uwata, hau mu je." Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa.

Ranar farko ba wani labari, mun kwana a zauren wani mai unguwa. Rana ta biyu ce har yau take min yawo a ka.

Mun tashi da asuba, hazo ya rufe ko'ina, sanyi kamar ya tsinke yatsu. Ƙasar Birnin Gwari ba shimfiɗaɗɗiya ba ce irin ta Kano, daga tudu sai kwari, ga duwatsu manya-manya a tsaye a tsakiyar daji. In mun zo gangara sai daɗi, iska na kaɗa min ɗankwali, Baba na matse birki yana cewa in riƙe rigarsa da kyau. In hawa ne kuma sai mu sauka, shi yana tura keke ni ina bin baya, tsakuwa na shiga min silifas. Wallahi tafiyar da muka yi a ƙasa ta kusa kai wadda muka yi a kan keken. Muna ta ratsa itatuwan doka da maje da kaɗanya, ta gefen dajin Kamuku, wanda Turawa suka keɓe tun 1936, gwamnatin tarayya kuma ta mai da shi gandun dajin ƙasa a 1999. Wajen hantsi muka ga garken gwaggon biri a kan wani dutse, babban cikinsu ya yi mana haushi kamar kare. Baba ya nuna min kashin giwa da ya bushe a bakin turba, ya ce ta jima da wucewa. Ban dai yarda ba, sai waige nake.

Bayan azahar ƙaya ta soke tayar baya. Ya kifa keken, ya zaro tib ya buga masa fanfo, ya tsoma a ruwan wani ɗan rafi har ya ga inda kumfa ke fita, ya kankare wurin ya shafa sholisho ya liƙa faci. Ba mu yi nisa ba ta sake sacewa, ga sholisho ya ƙare. Ke dai bari. Ciyawa muka yi ta tsinka yana cusawa cikin tayar har ta yi tauri, muka ci gaba keken na ɗingishi, kowane dutse sai na ji shi a ƙashin bayana. Abin da ya sa magariba ta riske mu ba gari gaba ba gari baya ke nan.

Muka sauka a gindin wani dutse, inda iska ba ta bugowa. Can nesa kaɗan akwai rugar Fulani. Baba ya je ya yi sallama ya faɗa musu baƙi ne a kusa, sai ga wata dattijuwa ta biyo shi da ƙwaryar kindirmo, ta ƙi karɓar ko kwabo. Ya share wuri, ya haɗa wuta, ya jiƙa mana garin kwaki da ƙuli-ƙuli, ya tura rogo biyu cikin toka. Ni tunda nake ban taɓa ganin Baba ya tsuguna gaban murhu ba. A gida mutum ne mai ɗaure fuska, in ya yi gyaran murya a zaure kowa sai ya nutsu. Ga shi yau yana hura wuta hayaƙi na sa shi hawaye, yana ɓare rogo yana miƙo min mai laushin.

Da dare ya yi kura ta fara kuka can ƙasan kwari. Na matso jikinsa, na yi tambayar da ke cina tun daga gida. Na ce, "Baba, in Inna ta ƙi dawowa fa?"

Ya daɗe yana tona wuta da tsinke. Sannan ya ce, "Sai mu koma mu sake dawowa, Uwata. Ni na yi mata laifi."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma na tabbata ko Inna ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Mazanmu na da haka suke, a ganina ma har da na yanzu da yawa, gara su yi tafiyar kwana uku da su buɗe baki su ce a yi haƙuri. Ban ce hakan daidai ne ba, don da ya tambaye ta tun farko da ba mu kwana a daji ba. Ya lulluɓe ni da bargon, shi ya zauna da 'yar rigarsa. Duk sanda na farka sai in gan shi zaune yana ƙara itace.

Washegari muka isa. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban Kaka. Inna ba ta biyo mu ba, sai ma ta riƙe ni, Baba ya juya shi kaɗai da tayar ciyawarsa. Sai bayan kwana 20 kawunmu ya rako mu gida, muka tarar da akuya ɗaya da 'yarta a ɗaure a turke. Rediyonsa ce ba mu sake gani ba.

Yanzu in na ba 'ya'yana labarin sai su yi ta kallona, wai a wane dajin? Su dajin da suka sani shi ne na 'yan bindiga, wanda a watan Mayu na 2018 aka fito daga cikinsa aka kashe sama da mutum 40 a Gwaska. Kakangi ma an shiga ba sau ɗaya ba, har muka kwaso tsofaffinmu muka dawo da su cikin Birnin Gwari. A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo ya buɗe kasuwar kara bayan shekaru tana rufe. Da na ji, dattijuwar nan mai kindirmo ce ta faɗo min a rai, ko ina jikokinta suke.

Baba ya rasu. Keken yana jingine a zauren yayanmu, babu kaca, jikoki na wasa da ƙararrawar.