Nvidia ko AMD: wanda na ɗauka a Ikeja

Baba ya ba ni jarin haɗa kwamfuta, da sharaɗin ta ciyar da kanta, ba buga gem kawai ba. A Computer Village ta Ikeja katin hoto biyu suka tsaya min a rai, duka fitowar 2021: RX 6600 na AMD da RTX 3060 na Nvidia. Na AMD ya fi araha, wat 132 yake ci, ɗayan kuwa 170. Mai zuba fetur a janareta ya san bambancin.

Amma ni bidiyon bukukuwan Hausawan Agege nake tacewa, kuma gigabait 12 ya fi 8 ɗaukar wannan nauyin. Nvidia na ɗauka. Cikon kuɗin bashi ne, sai bayan Sallah zan biya Baba.