KILISHIN KYANWAR HAJIYA

Yau ba cigaban labari na kawo muku ba, wani ɗan zance ne da ya daɗe yana cina, na ce bari in amayar da shi ku ji.

Mu Hausawa ba mu iya furta so da baki ba, sai dai a cikin littattafanmu, inda mu marubuta muke sa saurayi ya cika shafi uku yana zuba kalamai. A gidajenmu na gaskiya kuwa, so a cikin kwano yake zuwa. Uwa ba za ta rungumi ɗanta na fari ba, ko sunansa ba za ta kama ba, amma za ta ɓoye masa tsoka a ƙarƙashin tuwo. Saboda haka duk ranar da likita ya ce kada a ƙara ba wane abu kaza, to ya ɗaure wa mai bayarwar harshe ke nan. Ni dai a wurin kyanwa na koyi wannan darasi.

Hajiyarmu ta haura shekara arba'in a Rafindadi, cikin birnin Katsina. Bayan rasuwar mahaifinmu a 2021, Allah Ya gafarta masa, muka dawo da ita wurina a GRA. Wanda ya san Katsina ya san tazarar da ke tsakanin wuraren nan biyu ba ta tafiya ba ce kaɗai. A cikin gari kafin hantsi mutum goma sun yi maka sallama, wannan ta zo aron turmi, waccan ta kawo goron suna. A GRA kuwa sai dogayen katangu da itatuwan darbejiya da maigadi a bakin get, kana iya yin wata guda ba ka ga maƙwabcinka ba. Abu ɗaya mai rai da Hajiya ta taho da shi daga tsohon gidanta shi ne kyanwarta, Talatu, wadda aka tsinta a zaure wata ranar Talata tana 'yar mitsitsiya.

A Rafindadi Talatu mafarauciya ce, daga wannan katanga zuwa waccan, ɓera ba ya kwana lafiya a ɗakin hatsi. Da ta zo GRA sai aiki ya ƙare, aka koma kwanciya a kan kujera. Hajiya kuma loma ɗaya a bakinta, ɗaya a bakin Talatu: ƙosai da safe, burodi a tsoma cikin shayi mai madara, shinkafa da rana, har fura. Jikoki idan sun zo daga Kano su taho mata da busasshen abincin kyanwa na leda. Kafin shekara biyu Talatu ta zama kamar matashin kai, kowa ya zo yana cewa tubarkalla.

Cikin bazarar 2024 abubuwa suka juya. Ta riƙa shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, fitsari kuma ba iyaka, ci ya ƙaru amma jiki yana zubewa. Tafiyarta ma ta sauya, domin kyanwa a kan yatsunta take takawa, ita kuwa sai ta koma taka dunduniyar ƙafafun baya kamar zomo. Hajiya ce ta fara lura kiyashi yana taruwa a inda ta yi fitsari. Wannan alama tsohuwa ce ƙwarai, likitocin Indiya na zamanin da sun san ta, har suka kira cutar da sunan da ke nufin fitsarin zuma.

Likitan dabbobi ya ɗebi jini a gefen kunnenta, ya gwada fitsari, ya ce mu dawo a sake, domin tsoro kaɗai yana iya ɗaga sukarin jinin kyanwa. Da aka maimaita ya tabbatar mana ciwon sukari ne. Hajiya ta riƙe baki ta ce, "Likita, yanzu har mage ma?" Ya ce, "Ƙwarai kuwa Hajiya, kuma irin wanda ya fi kama manyan mutane ne, ƙiba da rashin motsi su ne kan gaba wajen jawo shi." Ya yi mana bayani cewa Allah Ya halicci kyanwa maciyar nama ce zalla, jikinta bai saba da sitaci mai yawa ba. Busasshen abincin leda kuwa sai an zuba masa garin hatsi ko wani sitaci kafin inji ya iya dunƙula shi. Na gwangwani shi ya fi dacewa da ita, nama ya fi yawa a cikinsa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne.

Aka ɗora ta a kan allurar insulin, sau biyu a rana, tsakaninsu awa 12. Na yi mamaki da na ji tarihin maganin nan, ashe a jikin karnuka Frederick Banting da Charles Best suka fara gwada shi a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, kafin a yi wa ɗan Adam na farko a watan Janairun 1922. Dabba ce ta fara ɗaukar mana wahalar, yau ga shi ya dawo kan dabba. Shi insulin ba ya son zafi, wutar lantarkinmu kuma kun san halinta. Idan ta daɗe ba ta dawo ba sai mu koma dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000.

Allura ba ta ba mu wahala ba. Abin da ya gagara shi ne doka ta biyu: ban da ƙosai, ban da burodi, ban da madara, abinci sau biyu kawai a lokacin allura. Talatu ta saba da zarar ta ji ƙarar murfin kwano ta zo ta zauna gaban Hajiya ta kafa mata ido. Sai Hajiya ta koma rufe ƙofa idan za ta ci, ita kuma ta tsaya a waje tana kuka. Cikin mako biyu na ga kwanon Hajiya yana dawowa kusan yadda aka kai shi. Da na yi magana sai ta ce, "Ke 'yar nan, ni ban iya ci wani yana kuka a bakin ƙofa ba. Ko dai ku bar ni in ba ta, ko ku ɗauke kwanon." Nan hankalina ya tashi, domin muna neman lafiyar kyanwa, ga tsohuwa tana ramewa.

Da na koma wurin likita da wannan kuka, ya ce babu laifi a riƙa ba ta 'yar lasa tsakanin abinci muddin nama ne, kuma daga cikin rabonta na ranar aka cire. Matsalar ita ce abincin gwangwani caɓal yake, ba ya riƙuwa a hannu, kuma a zafin Katsina ba ya jure zama a buɗe. A hanyar dawowa na wuce wani mai kilishi, sai dabara ta faɗo mini. Kakanninmu da ba su san firij ba, ai busarwa suke yi.

Amma fa a kula, kilishin kasuwa bai dace da kyanwa ba ko mai lafiya ce. Labun da ake tsoma shi akwai albasa da tafarnuwa da gishiri da yaji, wasu har da sukari, kuma albasa da tafarnuwa guba ne gare ta, suna lalata mata jajayen ƙwayoyin jini. Dabarar busarwar kawai na aro.

Ga yadda nake yi. Ina zaɓar gwangwanin da naman cikinsa niƙaƙƙe ne, ina guje wa mai romo mai kauri, domin sau da yawa da sitaci ake kaurara shi. Ina karanta jikin gwangwanin, in na ga masara ko alkama ko shinkafa ko sukari sai in ajiye. In juye a kwano in dama da cokali ya yi laushi, in zuba a leda mai tsabta in yanke bakinta kaɗan, in riƙa ɗigawa a kan tire mai takardar gashin kek, kowane ɗigo kamar ƙwayar wake, in danne shi ya yi fale-fale. Sai obin, wuta ƙasa-ƙasa wajen digiri 100, ƙofar a ɗan buɗe don tururi ya fita, awa biyu zuwa uku har ya yi ƙarau. Wadda ba ta da obin ta zuba yashi a gindin babbar tukunya kamar za ta gasa kek, garwashi kaɗan, murfi a karkace. Ba na shanya shi a rana, ƙuda da ƙura ba za su bar shi ba. Idan ya huce sarai in zuba a kwalba in sa a firij, wanda zai wuce mako kuma ya tafi firiza.

Akwai lissafin da ya kamata a riƙe. Gwangwani mai giram 400 idan ya bushe bai fi wajen giram 100 ba, ke nan ɗan abin da ke tafin hannu ya ninka ganinsa sau huɗu. Shi ya sa kullum da safe nake ƙirga wa Hajiya na ranar a cikin wata 'yar gwangwanin alawa, in rage kwatankwacinsa daga abincin. Kuma ba ya maye gurbin jiƙaƙƙen, don tana bukatar ruwan da ke cikinsa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan waje suka yi tsada, saboda haka wani lokacin ƙirjin kaza nake dafawa ba gishiri ba magi, in yanyanka siriri in busar haka nan. Wani gargaɗin likita kuma, rage sitaci yana rage bukatar allura, don haka ba a sauya abinci sai da saninsa. Idan aka ga tana tangaɗi ko ta yi laƙwas, a shafa mata zuma a dasashi a garzaya da ita.

Alhamdulillahi, Hajiya ta buɗe ƙofarta, kwano ya koma dawowa wayam. Bayan 'yan watanni Talatu ta koma takawa a kan yatsunta, likita ya rage yawan allurar, ya ce akwai ma kyanwoyin da ake dacewa su daina bukatarta gaba ɗaya.

Na san wani zai ce, mutane suna fama da abin sawa a bakin salati, ke kina yi wa mage kilishi. An faɗa mini a gaban idona, kuma ban ga laifin mai faɗa ba, zamanin ya yi tsanani. Amsata dai ita ce, wanda ya ajiye rai a gidansa ya ɗauki amana. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare ta hana ta abinci, kuma babban sahabi Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo laƙabinsa. Bayan haka, wannan dabba ita ce abokiyar hirar mahaifiyata a unguwar da ba a leƙowa ta katanga.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne masu ciwon sukari na cikin gidajenmu, iyaye da mazaje da surukai. Kullum abin da suke ji shi ne kada ka ci wannan, kada ka taɓa wancan. A kawo tire ranar salla kowa ya sa hannu, shi a bar shi da kallo, daga baya a ji ya aiki yaro a ɓoye ya sayo masa lemon kwalba, a ce ba ya jin magana. Ina ganin da mun zauna da likitansa mun tambayi abin da ya halatta masa, muka ɓata lokaci muka sarrafa shi ya yi daɗi, muka miƙa masa da hannunmu a cikin jama'a, da dokar ta fi zama. Idan za ki karɓe wani abu daga hannun mara lafiya, 'yar'uwa, ki tanadi abin da za ki sa masa a madadinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa kaffara ne. Sai mun haɗu a cigaban labarinmu in Allah Ya kai mu. Taku har kullum.