Da wane baki za a rera rok?

Kalmar "indi" ba ta da Hausa, kuma ban ga dalilin wahalar nema mata ba. Guntuwar kalmar Ingilishi ce mai nufin cin gashin kai. Da farko ba salon kiɗa take nufi ba, batun kuɗi ne: wa ya biya aka ɗauki waƙar, wa ya buga faifan, wa ke da ikon cewa a cire wannan baiti. Ƙungiyar da ba ta ƙarƙashin manyan kamfanoni, irin su Universal da Sony da Warner na yau, sai ƙananan gidaje kamar Rough Trade a Landan ko Sub Pop a Siyatil ko Matador a New York, ita ce indi. Daga baya ma'anar ta yi ƙaura, kamar yadda kalmomi suka saba, ta koma kan sautin kansa: gita mai ƙura-ƙura, murya wadda ba a goge ba, waƙa kan abin da ya dami mai ita ko da bai dami kasuwa ba. In ana son a gane ta da idon gida, a tuna Narambaɗa yana da ubangida, Sarkin Gobir na Isa, shi kuwa Ɗan Maraya Jos kuntiginsa kawai gare shi da titi.

A fadarmu mu biyar ne ke jin irin wannan kiɗa, sauran haƙuri suke da mu har shayi na uku ya sauka. Gardamar da muka fi daɗewa a kanta ita ce ta Mdou Moctar: shin ɗan jihar Tawa, bahago, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, ana iya kiransa ɗan indi rok? A takarda dai amsar a fili take. Faifansa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 duk Matador ne ya fitar, gidan da ya fitar da Pavement da Yo La Tengo. Ni abin da ya fi ja na shi ne hanyar da ya bi kafin ya isa can. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da muryar nan ta inji irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Babu kamfani, babu talla. Waƙoƙin suka riƙa tsallakawa daga salula zuwa salula ta Bluetooth da katin memuwar, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ci karo da ɗaya a wayar mutane, ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones a 2011, sannan ya shiga neman mai ita. Kusan abin da ya faru da Arctic Monkeys ke nan a Sheffield: suna raba faifan gwaji kyauta a wurin wasa, masoya suka zuba su a intanet, kafin faifansu na farko ya fito a 2006 jama'a sun riga sun haddace, a mako guda aka sayi sama da 360,000. Yaran Sheffield da yaron Azawak, duk masu saurare ne suka ɗauke su a ka kafin wani mai kuɗi ya san da su.

Arctic Monkeys ɗin nan su ne suka sa karatuna ya shigo cikin gardamar. A 1983 masanin harshe Peter Trudgill ya nuna yadda mawaƙan Ingila na shekarun 1960, har da Beatles da Rolling Stones, ke karkata bakinsu zuwa lafazin Amurka in suna waƙa, alhali in suna hira da bakin garinsu suke yi. Kiɗan daga Amurka ya zo, sai suka ɗauka da bakin Amurka ake rera shi. Alex Turner bai yi haka ba a faifan farko. Ya rera da bakin arewacin Ingila, da kalmomin unguwarsu, kan layin shiga gidan rawa da rigimar tasi da dare. Kamar dai ɗan Maraɗi ya shiga situdiyo a Kano ya ƙi sakin "mi" da "wanga" da "tahi".

To ga inda abin ya zo gida. Cikin mu biyar akwai mai gita na gaske, ɗan Maraɗi, yana shekara ta uku a sashen Ingilishi. Ya iya kiɗa, ba wasa ba, kuma yana da littafi cike da waƙoƙin da ya rubuta, duk da Ingilishi. Na ce masa, ɗan'uwa, kai da ke yabon Turner don ya ƙi aron baki, mi ya hana ka naka? Ya ce, "Aboki, kai ka karanta harshe, ni na riƙe gita. Hausa ba ta hawa rok. Na gwada."

Kuma ya gwada ɗin, a gabanmu. Yana da wani layi inda yake son ya ce ya yi kewar gari. Bugun rok huɗu-huɗu ne, ganga na dukan na biyu da na huɗu, kuma amon da ya ɗauko yana buƙatar a ja gaɓar farko ta kalmar ƙarshe. Da ya ja, sai gari ya tashi daga Maraɗi ya koma garin rogo. Fada ta fashe da dariya, wani ya ce ai gaskiya ya faɗa, ƙarshen wata ne. Ingilishi harshe ne mai tafiya da nauyin murya, kana iya jan wasali yadda ka ga dama ma'ana ba ta motsa ba. Hausa kuwa tsawon wasali ma'ana ne, hawa da saukar murya ma haka. In amo ya faɗo a ƙarshen "kuka", mai hawaye ya zama itacen miya. Mawaƙanmu kan yi wa karin sauti sassauci wani lokaci, mahallin magana ya cece su, amma gaɓa mai nauyi da marar nauyi ba su cika wasa da ita ba, don a kanta ma'aunin waƙar Hausa ya zauna, ta baka da rubutacciya. Saboda haka abokina bai yi ƙarya ba. Amon da aka ɗinka wa Ingilishi ba ya shiga jikin Hausa sai an farke wani wuri.

Inda muka rabu shi ne wa za a farke. Shi yana ganin harshen ne ya kasa. Ni ina ganin amon aro ne ya kamata ya rusuna. Tal National a nan Yamai suna zuba Hausa da Zabarmanci da Fulatanci a kan gitar lantarki mai gudu kamar an koro ta, kuma gidan FatCat na Ingila, shi ma ɗan indi, ya fitar da Kaani a 2013. Sai dai bugunsu uku-uku yake tafiya, kusa da kalangu, kalmomin ne ke gaba ganga na bin su. Mdou ma ƙarƙashin duk ƙarar nan takamba ce ke tafe.

Hujjarsa ta biyu ta fi wuyar turewa. Ya ce, a ce ma na rubuta da Hausa, wa zai saurara? A gida mai gita wurin biki yake ci, kuma a biki ba a yi maka liƙi don ka rera damuwarka, sai ka kira sunan uwar amarya da na alhajin da ya zo da sabuwar mota. Etran de l'Aïr da ake yawo da su ƙasashe yanzu, a bukukuwan Agadas suka yi shekaru suna kiɗa. A waje kuwa, in ji shi, an riga an yi wa Nijar kanta guda a shago: rawani, rairayi, gita, Bombino da Mdou da Les Filles de Illighadad. Bahaushe mai wandon jin da waƙar kaɗaici a ɗakin ɗalibai ba shi da gurbi a wannan kanta. Sannan ya ƙara da wadda ta fi zafi: su can ɗin ma ba kalmomin suke ji ba.

Wannan kam na gani da idona, gwargwadon abin da forfen dare ke bari a gani a YouTube. Dubban mutane a wani fili a Amurka ko Turai, an sayi tikiti, an yi tsit ana jiran gita ta haukace, in ta haukace a yi ihu. Ana ce masa Hendrix na Sahara. A cikin Funeral for Justice akwai waƙa mai suna Imouhar, kira ce ga mutanensa su riƙe harshensu kada ya salwance. Wata ƴar ajinmu Ba'abziniya ta zauna ta warware mana ita baiti-baiti, da ta gama ta ce, "Yaya, ku ma da kuke maƙwabtanmu sai yau kuka ji abin da yake faɗa, bare su." Babu wanda ya ba ta amsa. Muna kasuwa ɗaya da masu Tamajak, su sun iya Hausa, mu ko gaisuwarsu da ƙyar. Mutum na kukan harshensa a cikin harshen, filin ya cika, masu fahimta ba su kai a ƙirga ba.

Abokina ya ɗauki wannan a matsayin nasararsa: in ba a jin kalmomin, gara a rubuta da harshen da za a ji. Ni kuma nan ne na ga akasin haka. Da Mdou ya rera Imouhar da Ingilishi, da waƙar ta ƙaryata kanta tun daga baitin farko. Kuma rashin fahimtar bai hana alaƙa ba. Lokacin da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yulin 2023, ƙungiyar na rangadi a Amurka, ta kasa dawowa gida, masu saurarensu ne suka tara kuɗin zamansu. Mutanen da ba su san kalma ɗaya ta Tamajak ba. Wasunsu kuma sun nemi fassarar, don gardamar ma'adinin Arlit da Faransa ta shiga bakin ƴan jaridar kiɗa da ba su taɓa sanin inda Nijar take ba. (Wani abin dariya na harshe: fim ɗin da Mdou ya fito a ciki a 2015, kwaikwayon Purple Rain na Prince, sunansa da Tamajak ya zama ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Turawa sun fi son wannan labari fiye da kowace waƙa tasa.)

Ingilishin abokina kuma, in faɗi gaskiya tunda ya ba ni izini, Ingilishin aji ne. Daidai yake, babu kuskure, amma ba a taɓa zagin kowa da shi ba, ba a taɓa rarrashin kowa da shi ba. Waƙoƙinsa cike suke da ruwan sama a kan taga da jirgin ƙasa na dare, shi da ya girma inda ake roƙon ruwa. In yana ba mu labarin yadda kabu-kabu ya yar da shi gaban gidan su yarinyar da yake so, da bakin Maraɗi, fada kan kwanta da dariya, wani lokaci kuma a yi shiru. Wannan mutumin bai taɓa shiga littafin waƙoƙin ba.

Bayan hutun damina ya dawo da littafi na biyu, ƙarami, waƙa uku a ciki da Hausa. Ya ce ya fara da faɗin kalmomin da baki yana tafa cinya, sai da suka zauna sannan ya ɗauki gita, kuma dole ta sa ya watsar da bugun huɗu-huɗu a biyu daga ciki. Ɗaya kan mahaifinsa ce da ke kiran gita kayan ƴan iska. Da ya rera ta, mai dafa shayi ya bar buta ta ƙone. Ɗaya daga cikin mu biyar ya ce waƙar ta yi, amma wannan ba rok ba ne kuma, gurmi ne da lantarki, aka buɗe sabuwar gardama har kuran ya ɗauke. Littafin Ingilishin dai bai yar ba. Ya ce wanda zai aika wa gidajen faifai na waje daga cikinsa zai zaɓa, na Hausar kuma bai san inda zai kai su ba tukuna.