Tallafin korona da albasar Baba

Jama'a, ko kun tuna ƙarshen watan Maris na 2020, da Shugaba Issoufou ya ce gwamnati ta ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na wata biyu? Ni ina Yamai lokacin, na ji daɗi wallahi. Na kira Baba a ƙauyenmu, kusa da Galmi, in yi masa albishir. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, wace wuta? Mu da rijiya muke sha."

Albasa ce damuwarsa. An gama haƙa, ga ta jibge, 'yan kasuwar da suka saba lodawa zuwa Gana da Abijan sun ja baya, iyakar Najeriya kuwa a rufe take tun Agustan 2019. Ga bashin taki da man injin ban ruwa.

Daga baya wasu suka zo da takarda suna rubuta sunaye, wai tallafi. Baba yana garka ranar, sunansa bai shiga ba. Maƙwabcinsa ya samu, kuma ya cancanta, ban ce a'a ba.

Rabin albasar a rudu ta ruɓe. Akuya biyu Inna ta sayar aka biya taki.